Mai zaman bakin ruwa shi ke da hakkin farko: jawabi kan arzikin teku da namu na tudu

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka gabatar a Bader Gula, cikin gundumar Dakoro ta jahar Maraɗi, gaban taron ƴan kasuwa, malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati da wakilan manoma da makiyaya. Mun buga shi yadda aka faɗe shi, domin masu karatu su auna da kansu.



Tun da aka sanar da kan maganar yau, na tabbata akwai wanda ya ce a zuciyarsa: ina ruwan biri da gada? Daga nan inda muke zaune zuwa gaɓar teku mafi kusa, tafiyar fiye da kilomita 1000 ce a mota. Da yawa daga cikinmu za su gama rayuwarsu ba su ga ruwan gishiri da idonsu ba. Tambayar tana da hujja, amsarta kuma kashi uku ce.

Na ɗaya, muna cin teku. Kifin ƙanƙara da ake soyawa a kasuwannin Maraɗi da Dakoro, da sadin na gwangwani da ke kan teburin kowane mai shago, daga teku suka fito. Na biyu, ta teku hajarmu ke shigowa, ta teku kuma dukiyarmu ke fita. Duk ɗan kasuwar da ke nan ya ji a aljihunsa abin da rufe iyakar Benin ya jawo bayan Yulin 2023, sa'ad da kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. Man da ake haƙowa a Agadem ma, bututu mai tsawon kusan kilomita 2000 ke kai shi Seme a gaɓar Benin, inda aka fara loda shi a jirgi a 2024. Na uku, wanda shi ne ginshiƙin wannan jawabi: cutar da ke cin masuntan bakin teku ita ce ke cin masuntan Madarunfa da Tabkin Cadi, ita ce kuma ke cin makiyayan kwarin Tarka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ke faruwa a bakin teku

Daga Maroko zuwa Gini, tekun Afirka ta Yamma na cikin mafi yawan kifi a duniya, saboda wani ruwa mai sanyi da ke tasowa daga ƙarƙashi yana ɗauke da abincin ƙananan halittu. A cikin kifayen wannan yanki akwai wani ƙarami mai araha, ƴan Senegal na kiransa yaboy. Shi ne naman talaka. Maza su kamo shi a kwale-kwale, mata su banɗare shi ko su shanya, fatake su kai shi har Mali da Burkina Faso. Garuruwa irin su Sanluwi, Kayar, Mbur da Jowal a kansa suke rayuwa, tamkar yadda Dakoro ke rayuwa a kan gero da bisashe.

Abu biyu suka faɗa wa wannan arziki. Na farko manyan jiragen kamun kifi na Turai, Rasha, Sin da Turkiyya, waɗanda ɗaya daga cikinsu kan kwashe a rana guda abin da kwale-kwale da yawa ba za su kama a mako ba. Wasu da takardar izini suke shigowa, wasu da dare suke sata, wasu kuma su sami ɗan ƙasa ya ba su aron sunansa, jirgi ya ɗaga tutar ƙasar alhali riba na tafiya waje. Na biyu masana'antun niƙa kifi, waɗanda suka yawaita bayan 2010, mafi yawansu a Nuwadibu ta Muritaniya, wasu a Senegal da Gambiya. Aikinsu su mai da kifin da mutum zai ci ya zama gari da mai, a tura Turai da Asiya don kiwon wasu kifayen da kaji da aladu. Sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari. Wani rahoto da ƙungiyar Greenpeace ta fitar tare da wata abokiyar aikinta a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan 500,000 ake niƙawa kowace shekara, abin da zai ishi mutum miliyan 33 cefane. Ku auna wannan adadi da yawan al'ummar Nijar baki ɗaya, za ku ga ya zarce shi.

A Gana kuwa wata dabara aka ƙirƙiro mai suna saiko: manyan jirage su kama ƙananan kifayen da doka ta bar wa masu kwale-kwale, su daskare su, su sayar wa masuntan nan da kansu a tsakiyar ruwa. An ƙiyasta wannan ciniki da tan 100,000 a shekarar 2017 kaɗai. Wato an raba mutum da gonarsa, an dawo ana sayar masa da hatsinta.

Ruwa ba ya tsami banza. Masuncin da ya fita kwana uku ya dawo bai mayar da kuɗin mai ba, me zai yi da kwale-kwalensa? Sai ya cika shi da matasa ya nufi tsibiran Kanariya na ƙasar Sifaniya. A 2024 mutum fiye da 46,000 suka isa can ta wannan hanya, ban da dubban da ruwa ya ci. Mu da muka san abin da hamadar Agadas ke haɗiyewa, ba sai an fassara mana wannan baƙin ciki ba.

Kada kuma wani ya ce teku ba ta ƙarewa. Mutanen Kanada haka suka zata, har zuwa Yulin 1992 da gwamnatinsu ta hana kamun kifin kod a gaɓar Niyufanlan don ya kusa ƙarewa, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 1974 kashi 10 cikin 100 na garkunan kifin teku ake kamawa fiye da ƙima. A rahotonta na 2024 abin ya haura kashi ɗaya cikin uku.

Abin da doka ta ce

Jama'a, duniya ba ta rasa doka a kan wannan ba. Ran 10 ga Disamban 1982 aka sa hannu kan Yarjejeniyar Dokar Teku a Montego Bay ta ƙasar Jamaika, ta fara aiki a Nuwamban 1994. Ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon mallakar arzikin ruwa har nisan mil 200, wato wajen kilomita 370. Amma ta ɗaura mata sharaɗi: ta ƙayyade yawan abin da za a kama ba tare da an kashe iri ba, ta yi la'akari da buƙatun al'ummomin masunta, kuma rara kaɗai za ta sayar wa baƙo.

Mu ƴan tudu ma yarjejeniyar ba ta manta da mu ba, kuma Nijar ta tabbatar da shigarta ciki a 2013. Aya ta 125 ta ba ƙasar da ba ta da gaɓa hakkin kaiwa ga teku da wucewa da kayanta, bisa yarjejeniya da maƙwabta. Aya ta 69 ta ba ta hakkin samun rabo cikin rarar kifin ƙasashen yankinta. Aya ta 136 ta ce ma'adinan da ke kwance a ƙarƙashin tekun da ba na kowa ba gado ne na ɗan Adam baki ɗaya. Ke nan ɗan Bader Gula yana da kaso a wannan gado daidai da ɗan Faransa. Sai dai ku lura da kalmar rara. In an wawushe teku babu rara, in babu rara hakkinmu ya zama rubutu a takarda. Saboda haka kare masuncin Kayar kare rabonmu ne.

To, in doka na nan, ta ina ɓarna ke shiga? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana ƙulla yarjejeniya a babban birni, ba a tambayi masu kwana kan ruwa ba. A 2010 Muritaniya ta ba wani kamfanin ƙasar Sin izinin shekara 25, abin da ya tayar da ƙura a majalisar dokokinta. A yarjejeniyarta ta 2021 da Tarayyar Turai, kuɗin shiga ruwanta ya kai Yuro miliyan 57 da rabi a shekara, kusan biliyan 38 na sefa. Kuɗi ne masu kauri. Tambayar da talaka ke da hakkin yi ita ce: nawa ne daga ciki ya isa ga matar da ke banɗar kifi a bakin gaɓa? Ga kuma tallafin da ƙasashe masu arziki ke ba jiragensu, musamman na mai, wanda in ba don shi ba da yawansu ba za su iya zuwa ruwan Afirka su ci riba ba. Sai a Yunin 2022 Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta cimma yarjejeniyar hana tallafa wa masu kamun sata da masu kama garken da ya riga ya raunana, kuma sai a Satumban 2025 ta fara aiki.

Inda aka gwada aka ga amfani

Ba duka labarin ne na kuka ba. Dattawan ƴan kasuwa da ma'aikata da ke nan ba su manta da Janairun 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar sefa, albashi ya zama rabi a kasuwa. A wannan shekara masuntan Kayar suka ga dillalai na cin ribar fitar da kifi waje su kaɗai. Suka yi yajin aiki, suka kafa kwamiti, suka yanke cewa kowane kwale-kwale mai ƙugiya ba zai sauke fiye da akwati uku ba a fita ɗaya. Kifi ya yi daraja, ruwa ya sami sauƙi. Babu wani minista da ya umarce su. Su suka kafa dokar, su suka tsare ta, shi ya sa ta yi aiki.

A 2012 Senegal ta soke izinin manyan jiragen waje 29, bayan masunta sun mai da maganar batun zaɓe. A Mayun 2024 gwamnatin ƙasar ta buga sunayen jiragen da ke da izinin su a ruwanta, kowa ya karanta, a Nuwamban shekarar kuma yarjejeniyarta da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ba. Gana ta fara rufe su na wata guda ga masu kwale-kwale a 2019 don kifi ya yi ƙwai, a 2025 kuma ta faɗaɗa yankin da aka keɓe musu daga mil 6 zuwa 12, inda babban jirgi ba shi da izinin shiga.

Ƙa'ida uku ke nan muka tsinta: mai zaman bakin ruwa shi ke da hakkin farko, duk izinin da aka ba baƙo a bayyana shi a fili, a bar wa ruwa lokacin hutu. Kuma ƙasar Hausa ta san ta ukun tun kafin a rubuta ta a Turai. A Argungu ta ƙasar Kabi, Sarkin Ruwa kan hana su a Matan Fada tsawon shekara, sai ranar gasa a buɗe. Bikin ya samo asali a 1934, UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, amma hikimar da ke ƙarƙashinsa ita ce hutun ruwa.

Tekunmu na gida

Yanzu mu dawo gida, mu auna kanmu da wannan ma'auni.

Tabkin Cadi a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye wajen kashi tara cikin goma, har Ngigmi da ke bakin ruwa ta wayi gari a tudu. Duk da haka banda daga yankin Difa ta ci gaba da cika motoci zuwa Maiduguri da sauran kasuwannin Nijeriya, Hausawa masunta da fatake na cikin masu cin abinci a wannan sana'a. A 2015, saboda yaƙi da Boko Haram, hukuma ta hana su da cinikin kifi a yankin, ba a ɗage hanin ba sai 2019. Dalilin tsaro ba abin wasa ba ne. Amma shekara huɗu magidanci yana kallon ruwa ba shi da izinin jefa koma, me aka tanadar masa a madadi? Duk shawarar da za a yanke a kan ruwa, in ba a zauna da masu ruwan ba, su ke biyan kuɗinta.

A jaharmu ga tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Tarwaɗa da karfasa da ake kamawa a can suna ciyar da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Tabkin da Gulbin Maraɗi yake rayuwa, gulbin kuwa daga Nijeriya ya taso, inda aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jahar Katsina. Tun Yulin 1990 Nijar da Nijeriya suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan da suka haɗa bisa adalci, Gulbin Maraɗi na cikin kogunan da aka ambata. Masuncin Madarunfa da mai lambun gulbi suna da hakkin sanin yaushe ake sakin ruwa, nawa ake saki, wa ke zama a madadinsu in ana shawara. Ga rairayi da ke cike tabkin sakamakon saran itace a kan tudu, ga raga mai ƙananan ido da ke kwashe ƴaƴan kifi tun ba su girma ba. Muna da dokar kamun kifi tun 1998, an sabunta ta a 2021. Mai kama ɗan kifi da gidan sauro da mai babban jirgi a Nuwadibu laifinsu iri ɗaya ne, girma kawai ya bambanta.

Sai nan ƙofar gidanmu. Tekun Dakoro ciyawa ce. Kwarin Tarka da filayen arewa dukiya ce ta tarayya, mai zuwa da damina ta tafi da rani, kamar yadda kifi ke zuwa ya tafi. Dokar Mayun 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya kawo wata ƙa'ida mai daraja: makiyayi yana da hakkin fifiko a mazauninsa na asali, ba tare da ya hana baƙo shayar da dabba ko wucewa ba. Dokar kiwo ta Mayun 2010 ta tabbatar da ƴancin yawon kiwo, ta hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai, ta kuma sa wa kwasar haki don ciniki iyaka. Ku duba da kyau, wannan hakkin fifiko shi ne dai abin da Gana ta ba masu kwale-kwale a ruwanta. A kan takarda mun riga su.

A ƙasa fa? Mai kuɗi ya haƙa rijiyarsa a tsakiyar makiyaya, daga nan duk ciyawar da ke kewaye ta zama tasa, don wanda ya riƙe ruwa ya riƙe fili. Wani ya zagaye daji da waya. Amalanke da motoci su share haki tun kaka, a ɓoye shi, a fito da shi a watan bazara a sayar wa makiyayin da aka kwashe shi a gaban rugarsa. Wannan shi ne saiko na tudu. Gona kuma ta ci burtali, dabba ta faɗa gona. Mun san inda irin wannan ke kaiwa: a Toda, cikin wannan jaha tamu, Oktoban 1991, an rasa rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Kada Allah ya maimaita mana.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ya ku ƴan kasuwa, ba wanda ya ce riba haram ce. Amma fatauci na tsawon rai yana buƙatar haja ta tsawon rai. Dillalin da ya ƙi sayen ƴaƴan kifi ya fi ma'aikacin gandun daji goma tasiri, don masunci ba zai kama abin da ba shi da mai saye ba. Mai sayen haki ya bar na bakin rijiya da na kewayen ruga. Ƙungiyoyinku kuma, masu zuwa Lome da Kwatano da Legas, su riƙa tuna wa mahukunta cewa hanyar teku hakki ce da dokar duniya ta ba mu, a riƙe ta da shawara da maƙwabta, kada rigimar shugabanni ta zama yunwar talakawa.

Ya ku ma'aikata, hatimin da ke hannunku amana ce. Izinin haƙa rijiya, izinin su, takardar fili, duk a liƙa su a ƙofar ofishin magajin gari, da suna da wuri da wa'adi, a kuma karanta su a rediyon karkara da Hausa da Fulatanci da Tamashek. In Senegal ta iya buga sunayen jirage, ƙaramar hukuma ba za ta kasa buga sunayen rijiyoyi ba. Kwamitocin kula da filaye da muke kira Kofo a ba su abin aiki, a tabbatar makiyayi da masunci da mace suna da kujera a ciki, kujerar magana, ba ta cika taro ba. Harajin da ake karɓa a kan kifi da bisashe kuma, a ga wani kaso nasa ya dawo wurin da aka samo shi: yashe tabki, shata burtali, gyaran mashaya.

Ya ku mahukunta na Yamai, Nijar tana da kujera a duk inda ake shawarar dokar teku. A zauna a kanta, a haɗa murya da ƙasashen gaɓa wajen neman a daina niƙa abincin mutane don dabbobin wasu. Kuma tun da man ƙasarmu a gaɓar masuntan Benin yake shiga jirgi, mu zama na farko wajen neman a kiyaye ruwansu daga malalar mai. Wanda ke neman a yi masa adalci a hanyar teku, shi ma ya yi wa mutanen bakin teku adalci.

Jama'a, ruwa da ciyawa da kifi ba wanda ya ƙera su a maƙera. Mun tarar da su, kuma ana bin mu bashin mu bar su ga na baya. Wanda ya fi kusa da su, ya fi dogara da su, ya fi sanin halinsu, shi ya kamata a fara tambaya, shi ya kamata ya fara ci. Wannan ita ce ƙa'idar, ko a Kayar, ko a Madarunfa, ko a nan kwarin Tarka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.